Dutsen da Ba Ya Cikin Jaka

Glenwood, Greensboro
Oktoba, 1996

Zuwa ga Malam,

Kafin in gaishe ka, ga kacici-kacici, ka sa a aljihu. Ina da wani dutse tun gashina yana baƙi. Duk zaman da na yi kusa da shi ban ga rubutu ko ɗaya a jikinsa ba, sumul yake kamar bayan ƙwarya. Da na yi nisa, sai rubutun ya fara fitowa. Wane dutse ne? Ba zan ba ka amsa ba sai na ji daga gare ka.

To, yanzu assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da gwiwar nan taka da ba ta shiri da sanyin asuba. Ya mutanen gida, ya jama'ar masallaci, ya tumakina? Ni ina nan ƙalau. Itatuwan garin nan ne dai suka yi ja da rawaya kamar an tsoma su a marina, ganye na ta zuba, kuma ba wanda ya damu.

Autarka Nasiba ta warware sarai. Na yi mata wankan jego a bahon nan nasu na tangaran, ba ganyen darbejiya, ba itace, ruwan zafi daga famfo kawai, tana ta kukan wai zan dafa ta. Mijinta Haris yana gaishe ka. Takwaranka kuwa, tunda bakina ba zai iya kiran sunan da aka raɗa masa ba, angona nake ce masa. Ka sani ka samu abokin takara. Ba shi da haƙori, ba shi da sana'a, amma in na shigo ɗaki sai ya yi mini dariya. Kai yaushe rabonka?

Ga labarin da ya sa na ɗauki biro: na fara koyon duba. Ajiye carbin ka ji yadda aka yi.

Muna da maƙwabciya, Scholastica, 'yar Kafanchan ce, ma'aikaciyar jinya. Hausarta tas, har da baƙar magana. Ta daɗe tana kula da wata tsohuwar Baturiya a Irving Park, unguwar da gidan mutum ɗaya ya kai asibitin garinmu amma ba ka ganin kowa a ƙofa. Da tsohuwar ta rasu, 'ya'yanta suka ba Scholastica wasu tarkace, a ciki har da wata 'yar jakar fata da ɗan littafi. Cikin jakar ƙananan duwatsu ne kamar dabino, ashirin da 'yan kai, kowanne da zane na jan fenti. Runs suke kiransu. Wai haruffan mutanen da ne na can ƙasashen ƙanƙara, kuma da su suke tambayar abin da ya dame su. Ita ma ba ta iya ba, tare muke koyo, tana karanta Turancin tana juya mini da Hausa, rabi na littafi rabi nata.

Ƙa'idar ba wuya, ko ni da na tsaya a ajin yaƙi da jahilci na gane. Ka riƙe tambayarka a zuci, ka sa hannu a jaka ba leƙe, ka ciro ɗaya. Littafin ya ce sabon shiga kada ya yi haɗama, dutse ɗaya kowace safiya ya isa, ya wuni yana juya shi a ransa. Na ce ashe kamar goro ne. Akwai dutsen shanu, wato arziki. Akwai na tafiya. Akwai na gida, zanensa kamar bukka ta harɗe ƙafafu. Akwai kuma guda wanda ba komai a jikinsa, wai shi ne abin da ba a sani ba. Na ce wannan kam ya yi karatu, ya san gaibu sai Allah.

Na sa hannu na ciro nawa. Layi ɗaya ne a tsaye kamar alif. Wai ƙanƙara ce, abu ya tsaya cak, sai haƙuri. Scholastica ta ce me na tambaya, na ce mata ko doya ta iso kantin High Point Road. Ba haka na tambaya ba.

Ka tuna a filin jirgin Kano na ce maka yaushe zan dawo, ka dubi agogonka ka ce in an gama? An gama, Malam. An yi suna, an yi arba'in, ruwan jego ya huce tuntuni.

Ka gaishe mini da duk wanda ya tambaye ni. Wanda bai tambaya ba ma ka gaishe shi, ya ji kunya.

Taka,
Rumasa'u

*

Glenwood, Greensboro
Disamba, 1996

Malam,

Sallama da gaisuwa da fatan alheri. Ya sanyi, ya gwiwa? Ina fata kana shafa man da na bar maka a kan taga, ba kallonsa kake yi ba. Mu duka lafiya. Angona ya fara zama, in ya gaji ya kife kamar buhu.

Wasiƙa ba ta zo ba, amma na ji muryarka, na gode. Haris ya sha fama kafin ya samu tarhon gidan Alhajin layinmu, aka je aka kira ka. Ka tambayi yaro, ka tambayi Nasiba, ka tambayi karatun Haris, har motarsa ka tambaya. Da aka miƙo mini, abin da ka ce kawai shi ne: "Ke, ki bar duba." Sai layin ya yanke. Tunda aka kai ni gidanka sunana a bakinka Ke ne, amma ban taɓa jin daɗin sunan kamar ranar ba, don na gane ka karanta wasiƙata. Kacici-kacicin ne dai ka tsallake kamar kwata.

Ka kwantar da hankalinka, ban gaskata su ba. Ina yin istigfari kafin in sa hannu, in ƙara bayan na cire. Scholastica ita kuma ta yi alamar gicciye. Tsakanin mu biyu, in ma da aljani a jakar, ya tattara ya gudu. Abin hira ne ga tsohuwar da ke wuni ita da jariri, a gidan da ba mai sallama ya shigo ɗebo wuta ko aron turmi.

Mun ci gaba a karatu, yanzu duwatsu uku muke jerawa: abin da ya wuce, abin da ake ciki, abin da ke tafe. Na ce mata a garinmu duwatsu uku tukunya ake ɗora musu, ta ce in yi shiru in ciro. Na farko shanu suka fito, na ce tumakina ne, ba ƙarya. Na biyu, ƙanƙarar nan ce dai, ta maƙale mini kamar ƙaiƙayi. Na uku sai ga gida. Na yi murna, amma Scholastica ta ɓata fuska, wai a kife ya fito, kansa ƙasa, kuma littafin ya ce in ya zo haka to rabuwa da gida yake nufi. Na tashi na zagaya ɗaya gefen teburin na tsaya, sai ga gida ya miƙe daidai. Na ce mata daga nan nake karantawa. Ta ce wannan maguɗi ne, ko a zaɓe ba ta ga irinsa ba.

Kwana kaɗan bayan nan na ga ƙanƙarar da idona. Ruwa ya zubo, yana taɓa abu yana daskarewa. Rassan itatuwa suka koma gilashi, motoci suka tsaya, har wuta ta ɗauke, ashe su ma tasu tana ɗaukewa. Na tsaya a taga da angona a baya ina kallon titin da ba kaza ba akuya, na ce yanzu haka Malam yana zaure ana ta kawo masa gaisuwa.

Ga maganar da ta fi wannan nauyi. Nasiba ta same ni ta zauna a ƙasa tana matsa mini ƙafa, ka san ba ta yin haka sai da dalili. Ta ce saura mata simasta ɗaya ta gama digirinta, kuma ba ta son kai yaron gidan raino wurin mutanen da ba su san goyo ba. Tana so in ƙara zama, Haris zai nemi a ƙara mini biza. Na san simasta ɗayan nan, Malam, tana haihuwar wata. Na ce sai na ji daga bakin babanta. Ta ce ai Haris ya taɓa maka maganar a tarho, ka ce duk yadda muka gani.

Duk yadda muka gani. Na wuni ina tauna wannan magana, ban ji gishiri a cikinta ba. Yarinyar tana da gaskiya, kuma ina tausayinta, ta rame da karatu. Amma kai me ka gani?

Allah ya kai mu azumi lafiya. Kada ka bari a ba tumakina dusa mai tsami.

Taka dai,
Rumasa'u

*

Glenwood, Greensboro
Fabrairu, 1997

Malam,

Assalamu alaikum. Barka da shan ruwa, barka da Sallah, Allah ya karɓi ibada ya maimaita mana. Ina fata kana lafiya, azumi bai ƙara tsotse ka ba, don dama ba wani nama ke jikinka ba. Yara suna gaisuwa. Angona ya fitar da haƙora biyu, kuma a yatsana ya fara gwada su.

Duk watan azumi ban taɓa jakar nan ba, ka rubuta mini wannan a lada. Mun yi Idi a wani babban ɗaki da aka yi haya, mutanen Nijar, 'yan Gana, Larabawa, kowa da rigar sanyi a kan kayan Sallah. An yi kyau, amma ba ganga, ba yara masu yawon barka da Sallah.

Wani abu ya dame ni a azumin nan. Duk lokacin shan ruwa, in na ɗauki dabino sai in tuna yadda kake raba naka biyu, ka ci rabi, ka ajiye rabi a gefen tabarma wajen da nake zama, ka ci gaba da kallon bango kamar ba kai ba. Ni kuwa in ɗauka in ci, ina cewa a raina Malam ba ya son zaƙi. Sai a nan na tuna kai ne mai sa cokali uku na sukari a shayi. Haka butata da nake tararwa da ruwan ɗumi lokacin sanyi, ina zaton rana ce ta taɓa ta. Wace rana ce ke fitowa kafin asuba? Ka ga irin abin da zaman banza ke tono wa mutum.

Bayan Sallah na koma wa duwatsu, sai ga ƙanƙara kuma. Raina ya ɓaci. Na zauna na yi tunani irin na matar malami: a gidanmu rubutu ba ya aiki yana zaune a kan allo, sai an wanke shi an sha. Alluna nawa na wanke maka da hannun nan, na masu ciwon kai, na masu naƙuda, na masu jarrabawa? Na ce ƙila abin da Turawan nan ba su sani ba ke nan, suna ta kallon rubutu kamar hoto.

Scholastica ta bar jakar a wurina ta tafi aiki. Na zazzage ta a faranti, na tsamo dutsen gida da dutsen tafiya, na sa su a kofi, na zuba ruwan ɗumi, na murza da yatsa yadda nake yi wa allo. Fentin ya fita tas, ruwan ya yi ja. Na ɗaga kofin har ya kusa bakina, sai na ji warin fenti, kuma na ga fuskarka a raina, irin kallon nan da kake yi ta saman tabarau. Na fita na zubar da ruwan a gindin itace, na yi istigfari na gaske, ba irin na wasa ba.

Da Scholastica ta dawo na nuna mata. Ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, tana cewa tunda aka ƙirƙiro duwatsun nan ba a taɓa yi musu wankan jego ba sai yau. Da ta nutsu ta share hawaye, sai ta ce: "Mama, kin san abin da kika yi? Yanzu babu gida a jakar nan, babu tafiya."

Gaskiya ta faɗa. Marasa rubutu sun zama uku, ba ka bambance wanda na wanke da wanda dama haka ya zo. Ta ce za ta sake zana su da jan farce, na ce ta bari. Ko shekara zan yi ina sa hannu, ba zan ƙara ciro gida ba, abin da ba a sani ba ne zai yi ta fitowa. Na kuma ga wautata: watanni ina tambayar duwatsun wata Baturiya abin da mutum ɗaya ne ya san amsarsa, yana nan zaune a Zariya da biro a aljihun rigarsa.

Don haka yau ba kewaye-kewaye. Haris ya ce kafin ƙarshen watan gobe dole a aika takardun ƙarin biza, ko a saya mini tikiti. In ban ji komai ba zan zauna, don yarinyar tana bukatata kuma ta buɗe baki ta faɗa. Kai kana so in dawo? Ban tambaye ka ko an gama ba, ban tambaye ka yadda muka gani ba. Ni ina so. Ina kewar ƙofar ɗakina, da tarin nan da kake yi kafin ka shigo, da faɗan da muke yi kan gishirin miya. Ga shi na faɗa, kunyar ta kashe ni in ta ga dama.

Wani ɗalibi abokin Haris, Kabir, yana gida yanzu, zai biyo ta wurinka kafin ya dawo. In biro ya yi maka nauyi, ka ba shi saƙo da baki.

Matarka,
Rumasa'u

*

Glenwood, Greensboro
Maris, 1997

Malam,

Sallama da gaisuwa irin wadda ban taɓa yi maka ba. Ina fata kana lafiya, ina kuma fata bayanka bai yi ciwo ba, za ka ji dalilin tambayar. Mu lafiya lau. Ƙanƙara ta narke, itatuwan da na ɗauka sun mutu duk sun fito da fararen furanni, har wanda na shayar da fenti.

Kabir ya iso. Na ga kuka, na ga daddawa, na gode. Na zazzage jakar tsarabar har ƙasa ina neman takarda, babu. Sai ya ciro wani ƙunshi a tsohuwar hularka, ya miƙo mini da hannu biyu, ya ce ma'aikacin filin jirgi ya daɗe yana juya abin yana tambayarsa na mene ne, shi kuma bai san amsa ba. Ya ce saƙonka shi ne: "Tunda duwatsu take tambaya, ta tambayi wannan."

Nasiba ta leƙa ta ga baƙin dutse kamar dunƙulen hannu, ba rubutu ba zane, ta ce Baba dai ba zai canja ba. Scholastica ta zo da littafinta ta buɗe daga farko har ƙarshe, ta ce wannan ba ya ciki. Na ce su ba ni wuri, wannan karatun nawa ne.

Dutsen da nake tokare ƙofar ɗakina ne. Na gane shi tun kafin a gama kwance hular. Gefe ɗaya ya yi santsi, wurin da nake tura shi da ƙafa kowace safiya. Ka san ƙofar nan, in ba a tokare ta ba iska kaɗan ke rufe ta. Sai na tambayi Kabir ko a rufe ya ga ɗakin. Ya ce a'a, a buɗe yake. Ya ce ba a zaure ya same ka ba, cikin gida aka shigar da shi, ya tarar ka shimfiɗa buzunka a bakin ɗakina kana karatu. Ya ce a gabansa ka ɗauke dutsen ka naɗe a hula, ƙofar ta taso za ta rufe, sai ka gyara zama ka jingina bayanka da ita. Har ya yi sallama ya fito kana nan a haka.

Na shiga banɗaki na buɗe famfo don kada yara su ji ni.

Na gaya wa Nasiba zan tafi. Ta yi kuka, ni ma na taya ta, don barin yaron nan ba ƙaramin abu ba ne a wurina. Zai yi tafiyarsa ta fari ba na nan, zai fara magana da Turanci, wataƙila in ya ƙara ganina ya ɓuya a bayan uwarsa. Na san wannan duka. Mun samu wata baiwar Allah, Hamsatou, 'yar Maraɗi, tana da nata yara a nan kusa, ita za ta riƙa riƙe shi. Na gwada ta, ta iya goyo, ta iya dama koko, in ta ji haushi ne kawai take komawa Faransanci. Angona na nemi ya sallame ni, na gaya masa tsohon mijina ya aiko da biko. Ya kama hancina ya yi dariya, na ɗauka ya yarda.

Scholastica ta ba ni ɗaya daga cikin fararen duwatsun nan uku in riƙe don tunawa. Ba mu san ko gida ne, ko tafiya, ko abin da ba a sani ba. Na bar duba, kamar yadda ka ce, sai dai ka lura ba faɗanka ne ya hana ni ba.

Haris ya sayi tikiti. In Allah ya yarda ina gida kafin Babbar Sallah, don ban yarda kowa ya soya maka naman layya ba. Zan taho da dutsena in mayar da shi wurinsa, ka samu ka tashi ka miƙe bayanka. Kada ka zo filin jirgi ka tsaya kana duba agogo. In ka zo, ka zo da dabino ɗaya.

Ka gaida kowa da kowa. Allah ya sada mu da alheri.

Taka har kullum,
Rumasa'u, wadda kake kira Ke

Na yi alkawarin amsar kacici-kacicin nan in na ji daga gare ka, kuma na ji. Dutsen nan kai ne, Malam.